Yadda ake raba ɗakunan gida bisa hanyar iska, tun kafin a aza bulo

Da bazarar bara na kwana biyu a sabon gidan yayana, a wata unguwa da ke bayan gari. Gida ya haɗu: tayil har bango, silin fari ƙal, kowane ɗaki da banɗakinsa a ciki. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya. Ban yi rabin awa ba na tashi zaune. Ba zafin kaɗai ba, akwai wani ɗan bashi-bashi da ke fitowa daga banɗaki, falo kuma har lokacin yana ƙamshin man da aka soya da magariba.

Da safe na yi masa magana a hankali. Ya ce, "Kai kuwa, taga goma sha huɗu ce fa a gidan nan, da kaina na ƙirga ranar da na biya mai gilas."

Na ce, "Yaya, ba yawan taga ba ne. Ba ni turaren tsinke ɗaya."

Na kunna, na durƙusa a bakin ƙofar banɗaki, na riƙe shi daidai ƙasan ƙofar. Hayaƙin bai yi wata-wata ba ya kwanta, ya nufi gado. Tagar banɗakin tana kallon inda iska ke tasowa, saboda haka ita ce ta zama ƙofar shigar iskar ɗakin gaba ɗaya. Duk numfashin da mai barci zai ja, sai ya fara ratsawa ta kan masai.

Iska a cikin gida tafiya take yi, tana da mafari tana da maƙura, kamar ruwa a kwata. Aikinka shi ne ka zaɓa mata hanya: ta shigo ta inda mutane ke zama da kwana, ta ratsa, ta fita ta inda ake girki da wanka da bayan gida. Don haka kafin a yi maganar taga nawa ko wace iri, sai an fara ba kowane ɗaki matsayinsa. Ga yadda nake yi, ko ga mai shirin gini ko ga wanda ya riga ya tare.

Da farko, ka san inda iskarka ke fitowa

Ka samo farar takarda babba, da biro kala huɗu: shuɗi, ja, kore da baƙi. Idan mai zanen gini ya ba ka zane, ka yi masa hoto biyu ko uku don ka samu na ɓatawa. Idan babu, ka zana da hannunka, ba sai ya yi kyau ba, amma kowane ɗaki ya fito da ƙofarsa da tagarsa, har sito da ƙarƙashin bene. Ka sa alamar gabas da arewa. Kamfas ɗin waya ya isa, ko ka duba alƙiblar masallacin unguwa, wadda a Kano da kewaye take gabas da ɗan karkata arewa.

Mu a ƙasar Hausa iska biyu muke da ita, kuma kishiyoyin juna ne. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ko farkon Maris, iskar hunturu ce ke busowa daga arewa maso gabas, daga Sahara, busasshiya mai ƙura. Da damina kuwa, daga wajen Mayu ko Yuni zuwa Satumba, sai ta juya ta riƙa zuwa daga kudu maso yamma, daga teku, da laima. Tsakaninsu ga bazara, Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi kan haura digiri 40, iskar kuma wani dare ta ɗauke cak. Ka zana kibiya biyu manya a kan takardar, ɗaya daga kusurwar arewa maso gabas, ɗaya daga kudu maso yamma.

Sannan ka je filin da ƙafarka, sau biyu aƙalla, da asuba da kuma bayan la'asar. Ka watsa ɗan toka ko yashi mai laushi sama ka ga inda ya nufa. A cikin gari bene ɗaya na maƙwabci yakan karkatar da iska ta bi layi kamar kwararo. Ka rubuta a zanen duk abin da ke kewaye: katangar maƙwabci da tsayinta, kwatar unguwa, bola, injin niƙa, inda maƙwabci ya ajiye janaretarsa. Bangon da ke kallon ɗaya daga cikin waɗannan ba zai zama mashigar iska ba, komai kyawun fuskarsa.

Sai ka yi wa kowane ɗaki tambaya biyu

Tambayar farko: mutum nawa ne ke daɗewa a nan, awa nawa? Ta biyu: me ɗakin yake haifarwa, tururi, hayaƙi, wari, ko ba komai? Amsar ita ke nuna kalar da za ka shafa masa. Kuma a wannan zaman ka kira uwargida. Ita ta san inda hayaƙi ke taruwa da inda kaya ba sa bushewa, ita ke wuni a gidan.

Ɗakunan da ake daɗewa a cikinsu kuma ba sa ɓata iska sai da numfashi, su ne masu karɓa. Ɗakin kwana, turaka, falo, ɗakin yara, ɗakin karatu, ɗakin baƙi. Su za su fara shan sabuwar iska kai tsaye daga waje, ba saura daga wani ɗaki ba. Ka shafa musu shuɗi.

Waɗanda ba a daɗewa a ciki amma su ne tushen tururi da wari, su ne masu fitarwa. Kicin, banɗaki, wurin wanki da wanke-wanke, wurin alwala idan a rufe yake. Iska ta shiga cikinsu daga gida, ta fita waje, kada ta dawo. Ja ke nan.

Akwai kuma wuraren da ba kowa ke zama ba, ba sa kuma ɓata komai, aikinsu miƙawa: korido, matakalar bene, shigifa, baranda, da uwa uba tsakar gida. Kore.

Littattafan Turai a nan suke tsayawa, kashi uku. Mu dole mu ƙara na huɗu, saboda muna ajiye abubuwan da bai kamata iskarsu ta haɗu da ta gida ba ko kaɗan: ɗakin janareta, garejin mota ko inda ake kwantar da babur, ma'ajiyar tukunyar gas da jarkokin fetur, turken dabbobi da akurkin kaji, shadda, da sokawe. Waɗannan baƙi za ka zagaye su da shi. Ba sa karɓa daga gida, ba sa ba gida, iskarsu daga waje zuwa waje.

Inda ake kai ruwa rana shi ne ɗakunan da ke da fuska biyu. Sito na hatsi da kayan miya, da daddawa da busasshen kifi, ni ja nake ba shi, da 'yar ƙofar iska a sama. Sito na akwatuna da katifu kuwa kore ne, iska dai ta ratsa shi don kada kaya su yi fumfuna da damina. Zauren da ake zaman hira ko karatun allo shuɗi ne, amma ranar da aka fara shigar da babur ciki da dare ya koma baƙi, kuma ƙofar da ke tsakaninsa da cikin gida sai ta riƙa rufuwa ruf. Falon da aka haɗe da kicin ba bango, irin yayin da ake yi yanzu, ka raba shi da layi a takarda: ɓangaren kujeru shuɗi, ɓangaren murhu ja, iska ta taso daga kujeru ta ƙare a murhu. Mai haya a ɗaki ɗaya da ke girki a ciki, shi ma haka zai yi tunani: risho ko gas kusa da tagar da iska ke fita, gado kusa da inda take shigowa. Ɗakin da za a yi jinyar mai tari kuwa, na ɗan lokaci ka ɗauke shi kamar ja: tagarsa a buɗe zuwa waje, ƙofarsa ta cikin gida a rufe.

Mataki na uku: wa zai zauna a wace kusurwa

Wannan na mai sabon gini ne, kuma a nan ne ake cewa tun ran gini ran zane. Tunda iskarmu tana kaiwa da komowa tsakanin arewa maso gabas da kudu maso yamma, duk ɗakin ja da ka ajiye a ɗaya daga cikin kusurwoyin nan biyu, rabin shekara zai yi maka daidai, rabin shekara ya huro maka hayaƙi cikin ɗaki. Ka sa kicin a kudu maso yamma, da damina hayaƙinsa ya bi ta kan gidan duka. Ka mayar da shi arewa maso gabas, da hunturu haka. Abin da ya rage su ne kusurwoyi biyun da ke gefen hanya: arewa maso yamma da kudu maso gabas. A can iska kan shafi ɗakin ta wuce da warinsa gefe, a kowane lokaci na shekara.

A cikin biyun na fi son arewa maso yamma, don jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar, shi ne kuma ke amayar da zafin da dare. Idan ka jera banɗaki da sito da kicin a wannan bangon, sun zama garkuwa ga ɗakunan kwana. Manyan tagogin ɗakunan shuɗi su kalli kudu da arewa, inda rana ba ta shiga kai tsaye sosai kuma 'yar rumfa ta isa ta kare su. Idan ka zo zaunar da masai, ka tuna da alƙibla, a juya shi kudu ko arewa. Falamba ba zai tuna maka ba sai ka faɗa.

Fuloti mai ƙafa 50 da 50 ba zai ba ka duk wannan ba, na sani. Amma ko a nan, kada ka yarda a cinye filin kaf har jikin katanga. Tagar da ke da taku ɗaya tsakaninta da katangar maƙwabci ado ce kawai.

Na huɗu: ja kibiyoyi

Yanzu ka ɗora biro a wajen kowane ɗaki shuɗi, ka ja layi ta tagarsa, ka ratsa ɗakin, ka fita. Layin zai iya fita ta wata taga a bangon da ke fuskantar na farko, ko ya bi ta ƙofa zuwa kore, daga kore zuwa ja, daga ja zuwa waje. Doka ɗaya ce: kibiya ba ta tashi daga ja ta shiga shuɗi, kuma ba ta taɓa baƙi. Ka yi wannan sau biyu, da iskar damina da kuma ta hunturu.

Abubuwa uku za su bayyana. Ɗakin da layi ya shiga ya rasa mafita, wato mai taga a bango ɗaya da ƙofa mai rufuwa gam. Ɗakin da layi ya shiga ya fita nan take saboda taga da ƙofa suna manne a kusurwa ɗaya, ya bar inda gado yake ba motsi. Da kuma ɗakin da hanyarsa ɗaya tilo ta biyo ta banɗaki, kamar na yayana. Kowanne ka sa masa alamar tambaya, gyaransa na gaba.

Na biyar: auna mashigar ɗakunan shuɗi

Masu lissafin iska a Jamus sukan ware wa kowane mutum mita kubik 30 na sabuwar iska a awa ɗaya. Don ka gane girman abin, duro 150 ke nan irin mai cin lita 200. Ɗakinmu na yau da kullum, ƙafa 12 da 12 mai tsayin ƙafa 10, yana ɗaukar iska kusan mita kubik 40. Idan mutum huɗu ke kwana ciki, ana bukatar 120, wato iskar ɗakin ta sauya gaba ɗaya sau uku a kowace awa. Ɗakin da aka kulle taga da ƙofa aka toshe ƙasan ƙofa da tsumma ba ya kusantar wannan. Shi ya sa ake tashi da nauyin kai. Shi ya sa kuma da zafi ma'aikatan lafiya ke ta kiran a daina cunkoso a ɗaki marar iska saboda sanƙarau. Waɗanda suka ga annobar 1996, wadda ta kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

Dokar gini ta Ingila ta ce abin da ke buɗewa na taga kada ya gaza kashi ɗaya cikin ashirin na faɗin daɓen ɗaki. Ƙasar sanyi ke nan. A wurinmu ni ina ganin kashi ɗaya cikin goma shi ne mafi ƙaranci. Daɓen ɗaki 12 da 12 murabba'in ƙafa 144 ne, kashi ɗaya cikin goma ya kama 14 da ɗoriya. A nan mutane ke ruɗuwa: taga mai zugewa ta ƙafa 4 da 4 murabba'i 16 ce a ido, amma rabi kaɗai ke buɗewa, 8 ke nan, kafin ragar sauro da ƙarafan tsaro su ci nasu rabon. Saboda haka ɗaya ba ta isa ba, biyu ake so, kuma a bango daban-daban. Taga mai marfi da ke buɗewa waje tana ba da kusan dukkan faɗinta, har marfin kan kamo iskar da ke wucewa ta gefe. Tsohuwar luba da aka raina ita ma haka, ga shi ana iya barinta a buɗe ana ruwa. An guje ta ne don yayi da tsoron ɓarayi, ba don ta gaza ba.

Tsayin taga ma abin dubawa ne. Mashiga ta sauko daidai jikin mutum a zaune ko a kan gado, ƙafa biyu da rabi zuwa uku daga daɓe. Mafita ta yi sama, kusa da silin, tunda iska mai zafi sama take tashi. Idan mafitar ta ɗan fi mashigar girma, iskar takan shigo da ƙarfinta. Ka shiga Gidan Makama a Kano ko wani tsohon soro a cikin birni ka ɗaga kai: rufi can sama a kan baka, da 'yan ƙananan tagogi kusa da shi. Magina na da ba su karanta lissafin nan ba, amma sun san inda zafi ke taruwa.

Akwai kuma iyakar zurfi. Ɗaki mai taga a bango ɗaya, iska ba ta kaiwa can ciki fiye da ninki biyu zuwa biyu da rabi na tsayin silin. Mai taga a bango biyu masu kallon juna kuwa tana kaiwa har ninki biyar. Doguwar falo mai ƙafa 30 da tagogi a fuska ɗaya, ƙuryarta matacciya ce.

Na shida: ɗakunan ja, inda ake bukatar ja da gaske

Ɗakin ja ba taga kawai yake so ba, yana son abin da zai tabbatar iska fita take yi ko da ta waje ta juya. Hanya biyu ce: ko bututu da ya haura saman rufi, ko fanka mai zuƙar iska.

Ga banɗaki, ma'aunin Ingila lita 15 ne a sakan ɗaya, wato mita kubik 54 a awa. Ƙaramar fankar bango mai inci 4 takan ba da fiye da haka, kuma wutar da take ci ba ta taka kara ta karya ba, ko ƙaramar sola za ta ja ta. A kafa ta sama, a bangon waje, nesa da ƙofa, domin iska ta ratsa banɗakin duka kafin ta fita. Kuskuren da na fi gani: a kafa fanka dab da taga, a bar tagar a buɗe. Sai fankar ta riƙa jawo iskar waje ta tagar tana mayar da ita waje, warin yana nan inda yake. Idan fanka na aiki, a rufe tagar, a bar ta ta jawo daga ƙasan ƙofa. Kuskure na biyu ya fi muni: a huda silin a sa fanka ta riƙa zuba tururi a cikin rufi. Katako ne zai ruɓe, warin kuma ya sauko ta wani ɗakin. Bututunta ya fita waje.

Kafin ka zargi iska, ka duba magudanar ƙasa ta banɗakin. Kowace tana bukatar lanƙwasar da ke riƙe ruwa don ta toshe warin sokawe. Banɗakin baƙi da ba a shiga, da hunturu ruwan nan kan ƙafe, wari ya taso. Buta ɗaya a mako ta magance shi. Bututun numfashin masai kuma ya wuce saman rufi, ba ya tsaya a ƙarƙashin tagar wani ba.

Kicin ya fi cin iska. A ma'aunin nan dai, lita 30 a sakan idan akwai hular zuƙar hayaƙi a kan murhu, 60 idan fankar bango ce kawai, wanda ya kama mita kubik 216 a awa, aikin fanka mai inci 6 ko sama. Kuma wannan lissafin girkin Turawa ne. Mai suyar ƙosai ko tattasai da attaruhu ta san namu ya wuce nan. Wuta tana cin iska, don haka kicin yana son 'yar mashigarsa ta kansa a ƙasa, bulo mai huda ɗaya ko biyu da raga, kusa da daɓe. Wannan hudar tana da amfani na biyu: gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya, tagar sama ba za ta fitar da shi ba.

Girkin itace ko gawayi kuwa, ra'ayina kada a shigar da shi cikin ginin kwana sam. A yi masa madafa a tsakar gida, a kusurwar da muka zaɓa, bangonta kada ya kai rufi, a bar tazara hayaƙi ya fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, galibi daga irin wannan girki, ta kashe mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da yaran da ke goye su suka fi shaƙa.

Na bakwai: kada a toshe masu miƙawa

Fanka ba ta iya fitar da iskar da ba ta shigo ba. Ka ce wa kafinta ya bar tazarar santimita ɗaya, kaurin ɗan yatsa, a ƙasan kowace ƙofar ciki, a auna bayan an sa tayil da kafet. Zai ce maka, "Alhaji, ai kunama za ta shiga." Ka ce masa ƙofofin ciki kake nufi, ta waje a rufe ta gam. Mafi kyau ma a bar 'yar taga a saman kowace ƙofar ɗakin kwana, da raga, yadda za a kulle ƙofa a yi sirri iska kuma tana wucewa. Gidajen ma'aikata na da sukan kasance da ita. Korido ya samu buɗi a ƙarshensa, matakalar bene ta samu taga a can ƙololuwa, sai ta zama kamar bututun da ke zuƙe zafin ƙasa.

Tsakar gida ita ce babbar mai miƙawa. Da dare sanyi kan sauka ya kwanta a cikinta, ɗakuna su sha. Yanzu an shiga yayin rufe ta ruf da kwano don ƙura da ruwa, sai gida ya koma tukunya da murfi. In dole sai an rufe, a ɗaga rufin ya fi na ɗakuna tsayi da ƙafa biyu ko uku, a bar gefensa a buɗe da raga ta kowace fuska.

Na takwas: baƙaƙen wurare

Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ba da shawarar a nisanta janareta da ƙafa 20 daga taga da ƙofa. In fulotinka bai kai ba, a kai shi mafi nisan kusurwa, salansa na kallon waje, ba a korido ba, ba ƙarƙashin bene ba, ba a baranda ba ko da ana ruwa. Kaskon garwashin da ake shiga da shi ɗaki da sanyi, ko ɗakin mai jego, irin wannan iskar yake fitarwa. A ɗumama ɗakin taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Shadda tana da gyara mai sauƙi da aka ƙirƙiro a Zimbabuwe a shekarun 1970: bututu mai faɗin inci 4 zuwa 6 daga ramin, miƙe sak, ya haura rufi da kamar rabin mita, a ɗaure bakinsa da raga. Iskar da ke wucewa ta kansa tana zuƙo warin sama, ƙudaje su bi haske su maƙale a ragar. Sharaɗin shi ne cikin ɗakin ya kasance da ɗan duhu, bakin ramin kuma kada a toshe shi gam, don ta nan iskar ke sauka.

Sararin da ke tsakanin kwano da silin shi ma ka ɗauke shi ɗaki baƙi. A bar masa hudoji da raga a ƙarƙashin bakin rufi da kuma can sama, ya riƙa numfashi da kansa, in ba haka ba zafinsa ta silin zai sauko maka.

Matsayin ɗaki ba ya canzawa da lokaci, amma yadda ake buɗe shi yana canzawa. Da bazara iskar rana ta fi ta ɗaki zafi, don haka a rufe manyan tagogi daga hantsi, a bar na sama, a buɗe duka bayan isha'i har safe don bango ya huce. Da hunturu a rufe fuskar arewa maso gabas, a sha iska ta ɓangaren tsakar gida, a riƙa wanke raga don ƙura na toshe ta. Mai esi kuma ya sani cewa irin wadda ake maƙalawa a bango iskar ɗakin take juyawa tana sanyayawa, ba ta kawo sabuwa. Ɗakinsa yana nan a shuɗi, yana bukatar 'yar mashigarsa.

Na ƙarshe: gwaji

Ka zaɓi dare da kuma rana, ka sa gidan yadda ake zama da shi, ƙofofin da ake rufewa a rufe, fankar silin a kashe don kada ta ruɗa ka. Ka kunna turaren tsinke ka bi ƙofa-ƙofa da zanenka a hannu. A ƙasan ƙofar ɗakin kwana hayaƙi ya nufi korido. A ƙasan ƙofar banɗaki da kicin ya shige ciki. A tsakiyar ɗaki, daidai tsayin gado, ya karkata ko yaya, kada ya miƙe sak kamar sanda. Fankar zuƙa kuma ka manna mata fallen takarda mai laushi, in ta riƙe shi tana ja, in ya faɗo ko ta toshe ko an kafa ta a juye, wanda na taɓa gani da idona. Duk inda hayaƙi ya saɓa wa kibiyarka, ka sa alama, ka sake gwadawa idan iska ta juya bayan wata shida.

A gidan yayana abin da muka yi ba wani mai yawa ba ne. Mun kafa fanka mai inci 4 a saman bangon banɗakin, muka haɗa ta da layin sola, muka kulle tagarsa, kafinta ya rage ƙasan ƙofar, birkila ya fasa bangon kudu na ɗakin ya sa taga ta biyu. Da muka sake kunna turaren, hayaƙin ya ɗan yi jim, sannan ya sunkuya ya shige ƙarƙashin ƙofar banɗaki. Yaya ya karɓi tsinken daga hannuna ya nufi ƙofar kicin da shi.